Waya ta Uku a Bayan Katanga

Litinin, bayan la'asar

Rauta ta sake yankewa yau. Fitilarta ta koma ja tun azahar, sai da inuwa ta kai bakin rijiya ta dawo kore. 'Yar na'ura ce da ba ta kai faifai faɗi ba, mai ƙaho biyu. Ita ke raba intanet a gidan nan, ita kaɗai ce kuma ke kama sabis a wannan gefen garin, saboda eriyarta tana kan gorar da ta fi rufin kowa tsawo. Waya a hannu ba ta samun komai sai an hau tudun makaranta.

Ɗana ne ya kafa ta bara da rani. Shi ya hau ya ɗaure gorar, shi ya haɗa ta da batirin sola, shi ya nuna mini shafin da ake buɗewa a ga sunayen wayoyin da ke kanta. Suna uku ya rubuta: Baba, Inna, Mika. Tun ranar Juma'ar nan ta ƙofar masallaci biyu suka rage. Ba zan rubuta abin da ya faru a ranar ba. Rabin gari sun gani, sun ji rantsuwar da na yi cewa ƙafarsa ba za ta sake taka zauren nan ba. Wanda yake da takarda a cikinsu ya rubuta.

Abin da zan rubuta shi ne wannan: makon jiya na buɗe shafin don in ga abin da ke damun na'urar, sai na ga uku.

Talata, da hantsi

Na auna abin yadda aka koya mana a makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa, lokacin da ake ce mana mu ne za mu gina ƙasa. Waya ba ta mantuwa. In ta taɓa shiga rauta sau ɗaya, duk ran da ta kusance ta za ta shiga da kanta. Ƙarfin tamu kuwa bai wuce tsakar gida da zaure da ɗan abin da ke tsallake katangar baya ba. Bayan katangar gonar gero ce, geron bana kuma ya fi mutum tsawo.

Ke nan yaron ba a Kano yake ba, kamar yadda masu son kawo mini labari suke faɗa.

Sabis ya kawo shi. Wane ne ba zai zo inda ake samun abu kyauta ba.

Ban gaya wa matata Hure ba. Matar da ta fi wata ba ta kalli idona ba, ta ina zan fara?

Talata, gab da magariba

Uku. Ya daɗe yau.

Alhamis, bayan la'asar

Na mayar da tabarmata jikin katangar baya. Nan ne inuwa take a wannan lokacin, ba wani dalili ba.

Hure ta fito daga madafa da kwano, ta nufi ƙaramar ƙofar da ake bi zuwa turken awaki.

Na ce, "Ina za ki da kwano?"

Ta ce, "Awaki."

"Awaki sun fara cin tuwo da miya?"

"Ƙanzo ne, Malam."

Ƙanzon da ake rufewa da faifai a ɗora masa cokali. Ba ta tsaya jiran ƙari ba. Ta dawo hannu babu komai, da ƙaiƙayin gero a bakin mayafinta.

Shekarunmu tare sun haura talatin, yau muna yi wa juna ƙarya a kan akuya.

Juma'a, da safe

Kamfanin layi sun turo saƙo. Wai suna inganta turakunsu na sabis a yankinmu, masu tsofaffin na'urori su sabunta manhajar cikinsu kafin ƙarshen wata, in ba haka ba za su iya rasa sabis. Ashe yankewar nan ba lalacewa ba ce, ci gaba ne.

Manhajar ciki ita ce ɗan hankalin da aka zuba wa na'ura a masana'anta, wanda ke gaya mata yadda za ta yi magana da turke. In turke ya sauya harshe, sai wanda ya ƙera ta ya aiko mata da sabon darasi. Na shiga shafin, na danna wurin neman sabuntawa. Ta yi ta juyi, sannan ta ce mini tana kan manhaja mafi sabunta. Kwanan watan da ke jiki ya girmi jikata.

Na yi sallar Juma'a a garin gaba. Ƙafa tana buƙatar motsi.

Asabar, da hantsi

Na zaro kwalin rautar daga ƙarƙashin gado. Ban taɓa karanta shi da kyau ba sai yau. A bayansa, da ƙananan haruffa, an yi alkawarin abubuwan da za a ƙara mata nan gaba ta hanyar sabuntawa. Za a iya jona mata tarho na tebur. Za a iya haɗa ta da 'yar'uwarta ta biyu, ƙarfinsu ya haɗu ya kai nesa. Ramin jona tarhon ma yana nan a bayanta, an huda shi tsaf, babu abin da ke bayansa sai alkawari.

Da an cika na biyun, da na sa ɗaya a kan katanga. Mutum ba sai ya matso cikin sauro ba.

Na rubuta wa kamfanin da suka ƙera ta wasiƙa da Turancin da ya rage mini. Ya rage da yawa, ba dai a nemansa.

Asabar, gab da magariba

Uku.

Lahadi, gab da magariba

Biyu. An yi ruwa. Wa zai fito cikin ruwa.

Talata, bayan azahar

Na je Ɗanbatta wurin Ɗanliti, ɗan kawuna, wanda ke da rumfar gyaran waya kusa da tasha. Gemunsa ya yi fari amma bakinsa bai girma ba.

"Injiniya da kansa. Yau wane layi ne ya tsinke?"

Na ce, "Wanda ya haɗa kanka da bakinka. Tun tuni."

Ya karɓi rautar ya juya ta kamar mai taya kaza. "Wannan ai gyatuma ce. Masu ita sun yaye ta. Ka kawo a sa maka sabuwa, mai ƙaho huɗu, har maƙwabta su sha."

"Afdet nake nema, sabuwar manhaja, ba ƙaho ba."

"Akwai wani fayil da yara suke yawo da shi, na ƙanwarta ne, samfuri na biyu. Wasu sun ce yana hawa."

"Wasu kuma?"

"Wasu kuma sun zo sun sayi mai ƙaho huɗu." Ya yi dariya shi kaɗai. Da ya gama ya rage murya. "Yaya Yahya, me kake yi da intanet haka da za ka hau mota saboda shi? Kai da rediyo ya ishe ka."

Na ce 'yata Khaulat tana kiran uwarta daga Zariya.

Ya ce, "Haka ne," ya daɗe yana goge gilashin wata waya da ba ta da datti. "Yaron nan kuwa..."

Na ce ya ba ni kayana, mota za ta tashi.

Na iso gida rana ta yi ƙasa, na jona ta. Biyu. Ban san ko ya zo ya tarar babu ba. Ba zan sake fita da ita da rana ba.

Laraba, da safe

Kamfanin sun amsa. Sun gode da na zaɓe su. Sun ce wannan samfurin ya kai ƙarshen lokacin kulawa, ba za a sake fitar masa da sabuntawa ba, abubuwan da aka ambata a kwali kuma suna nan a sababbin samfura. Sun yi mini fatan yini mai daɗi.

Na san wannan harshen. Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina hawa falwaya ina gyara layuka a kamfanin tarho na gwamnati. Ran da aka rufe ɗakin injinanmu babu abin da ya lalace a ciki. Komai yana aiki, har agogon bango. An dai ce an daina yayinsa. Muka kashe fitilu da hannunmu, kowa ya nemi garin ubansa.

Na'urar nan lafiyarta ƙalau. Wani ne a wani ofis mai sanyi ya ja layi a ƙarƙashin sunanta, ya tafi cin abinci.

Laraba, gab da magariba

Uku. Hure ta soya ƙwai. Awakin gidan nan sun ji daɗi.

Juma'a, bayan la'asar

Ja tun safe. Ko da fitila ta yi ja, rautar tana ci gaba da kiran wayoyi, shafin yana nuna wanda ya shiga, intanet ɗin ne kawai babu. Sunan ya fito a lokacinsa. Na ce yanzu zai gane babu komai ya tashi. Bai tashi ba. Ya zauna har aka kira magariba.

Jira yake ta dawo. Tun yana ƙarami yake da naci a kan abin da ba shi da amfani.

Amma mutum zai jira yau, ya jira gobe. Jibi zai nemi wani wurin.

Asabar, da safe

Khaulat ta kira. Bayan gaisuwa ta ce, "Baba, kun ji wani labari game da Yaya?" Na buɗe baki, sai hoton ya daskare, fitila ta koma ja. Wannan karon ban ji haushin na'urar ba.

Litinin, da hantsi

Kwana biyu ina haƙa a shafin kamfanin, duk lokacin da fitila ta yi kore. A wata kusurwa da suka tara tsofaffin kaya na samo shi: fayil na ƙarshe da suka yi wa samfuri na ɗaya. Ba su taɓa aiko shi ba, sun rubuta cewa na gwaji ne, wanda ya sa shi ya ɗauki alhakin kansa. A bayaninsa akwai sabon zangon da turakun suke komawa. Na gwada lambar da ke jikin fayil ɗin da wadda ke ƙasan rautar, harafi da harafi. Sun dace.

Ashe sun yi maganin, suka ajiye shi a inda ba mai gani.

Gargaɗi ɗaya ne, da jan rubutu: kada wuta ta yanke kafin a gama. Batirin sola a cike yake. Wutar gwamnati ba ta isa ta yi mini komai ba, tunda ba ta taɓa zuwa garin nan ba.

Na ji wani abu a ƙirjina da na daɗe ban ji ba. Ba na son ba shi suna.

Talata, da yamma

Zan rubuta shi a jere, yadda ake rubuta rahoton lalacewar layi.

Na so in yi da hantsi, amma sauke fayil ɗin ya ci rabin yini. Na fara bayan azahar. Sama tana da ɗan duhu ta gabas, ba wani abin damuwa ba. Layin da ke nuna ci gaban aiki ya fara tafiya a hankali. Ya kusa rabi aka yi sallama a zaure. Liman ne. Na ajiye wayar na fita.

Ya zo da maganar yaron, wadda na san zai zo da ita. Ya fara daga nesa, daga damina da lafiyar iyali. Ban bar shi ya kai inda za shi ba.

Muna zaune aka yi cida, ƙasa-ƙasa, can nesa.

Akwai doka a gidan nan. Ni na kafa ta tun Hure tana amarya, domin na ga abin da tsawa take yi wa layi da wanda ke riƙe da shi. Da an ji cida ta farko, a zare duk wata igiyar wuta, ba a jira, ba a tambaya. Na sha yi mata faɗa a kan jinkiri. Da aka kafa gora a saman gida na ƙara jaddada mata.

Na tashi a guje na bar Liman da bakinsa a buɗe. Na tarar da ita tana tsaye, igiyar rautar a hannunta, tana naɗe ta da kyau yadda na koya mata.

Ta ce, "An yi cida, Malam."

Ban gaya mata ina wani aiki a kai ba. Da na gaya mata, da ta tambayi abin da ya sa na damu haka.

Ruwan ma bai zo ba. Hadarin ya wuce ta Kunci.

Laraba, da asuba

Fitila ɗaya, rawaya, tana ƙiftawa. Babu shafi. Babu sunan gidan a cikin jerin da waya ke nemowa. Na tura tsinke a ramin mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta, na riƙe har yatsana ya mutu. Babu inda za ta koma. An goge tsohon darasi, ba a gama rubuta sabo ba.

Laraba, bayan la'asar

Hure ta fita da kwano. Ta daɗe. Ta dawo idonta a kumbure, ta shige ɗaki.

Na zauna jikin katanga da wayar da ba ta nuna komai.

Alhamis

Ban sani ba. Wannan shi ne abin. A da ina sanin biyu ne ko uku. Yanzu ban sani ba.

Juma'a, da yamma

Ɗanbatta. Ɗanliti ya kwance ta, ya jona mata wata igiya da kwamfutarsa, ya kira wani a Kano, wancan ya ce a kira wani. Muka ci gyaɗa muna kallon baƙin allo.

Ya ce, "Injiniya, ka yi mata sallah."

Na ce, "Kai ka ja mana, tunda gawa ce sana'arka."

Bai yi dariya ba, ni ma haka. Ya ce in kawo duk abin da ya samu ya ba ni sabuwa. Na ce ban zo roƙo ba. Ya ce ya sani, ai ban taɓa zuwa roƙo wurin kowa ba, shi ya sa nake inda nake. Taubashi ne, yana da damar faɗa. Na bar masa gawar a kan tebur.

Asabar, bayan la'asar

Kwano ya fita a rufe, ya dawo a rufe. Ta juye wa kaji.

Lahadi, bayan la'asar

Haka.

Litinin, da hantsi

Da na fito daga masallaci na ga babu jar akuyar Hure a turke, wadda take ji da ita. Na tarar da ƙullin kuɗi a kan matashina. Na sa hula na nufi bakin titi.

Litinin, da yamma

Mai ƙaho huɗu.

Na gaya wa Ɗanliti sharaɗina. Sunanta ya zama sunan tsohuwar, harafi da harafi, kalmar sirri ma haka, don duk wayar da ta san waccan ta shiga wannan ba tare da an taɓa ta ba.

Ya ce, "Wayoyi biyu ne a gidan. Sa musu sabuwar kalma ai ba aiki ba ne."

Na ce, "Ka yi yadda na ce."

Ya dube ni, ya sunkuyar da kai ya yi.

Ban san kalmar sirrin ba, yaron ne ya sa ta a wayoyinmu da hannunsa. Ɗanliti ya tono ta daga cikin tawa, ya juyo mini allon. Sunan ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya ne, da wasu lambobi. Shi ke nan. Ban san me na zaci zan gani ba.

A mota na karanta bayan sabon kwalin. Akwai abubuwan da za a ƙara nan gaba ta hanyar sabuntawa. Na yi dariya har matar da ke kusa da ni ta gyara zama.

Talata, gab da magariba

Kore, sandunan sabis a cike. Khaulat ta kira, hoto tar kamar tana tsakar gida.

Biyu.

Laraba, gab da magariba

Biyu.

Alhamis, gab da magariba

Biyu. Na kashe na kunna. Na duba sunan, na duba kalmar. Babu kuskure.

Asabar, bayan la'asar

Ta daina fita da kwano. Yau ta zo ta tsaya a kaina, ina zaune da waya a hannu.

Ta ce, "Ka daina kallon abin nan, Malam. Ba zai fito ba."

Na ce, "Wa?"

"Kada ka yi mini haka. Na gaji."

Ta zauna a bakin tabarmar, abin da ba ta yi ba tun kafin damina ta yi nisa. Ta yi magana tana kallon ƙafafunta.

"Ya san kana gani. Shi ya koya maka shafin, yaya ba zai sani ba? Kullum in na je sai ya ce, Inna, Baba bai canza kalmar ba. Ya ce da ka ga dama da tuni ka toshe shi, aikin ɗan lokaci ne a wurinka. Ya ce muddin sunan gidan yana fitowa a wayarsa, to bai gama zama bare ba."

Na ce, "Lalacewa ta yi."

"Na gaya masa. Na ce ni na zare da hannuna. Ya ce, Inna, kin saba rufa masa asiri. Ya ce mutumin da ya yi shekaru yana gyara layin gwamnati ba zai kasa gyara ɗan akwati ba in yana so." Ta ja mayafinta. "Ya sake zuwa washegari, bai ga suna ba. Ya ce to, ya ji amsa."

"Ina ya tafi?"

"Ya sayar da wayar ya shiga mota. Bai faɗa mini wace mota ba, don ya san zan faɗa maka."

Na ce da ta gaya mini tun farko.

Ta ce, "Kai ka gaya mini?"

Aka kira sallah. Ta riga ni tashi.

Lahadi, bayan la'asar

Na bi ta ƙaramar ƙofa. Rabon da in zagaya bayan gidan nan tun shuka.

Wurin ba ya ɓoyuwa. An karya kara kaɗan, an tattake ƙasa, an ajiye rabin bulo jikin katanga. Akwai ɓawon gyaɗa da tokar maganin sauro. Na zauna a kan bulon. Ya yi mini ƙasa da yawa, gwiwoyina suka tsaya a ƙirji. Shi da ya fi ni tsawo.

Na fito da wayata. Ta shiga rautar. Sanda ɗaya, tana zuwa tana ɓacewa. Na gwada buɗe shafin labarai, ya yi ta juyi har ya gaji. Na gwada tura wa Khaulat gaisuwa, ba ta tafi ba. Wannan sabuwar ce fa, mai ƙaho huɗu, wadda kwalinta ya ce ta ninka tsohuwa ƙarfi. Katangar ƙasa mai kauri ce, na san abin da take yi wa sabis, an koya mana. Na tashi na zagaya ta gefen rumbu, inda katangar ta yi ƙasa, inda geron ya fi duhu. Can sanda uku, shafi ya buɗe nan take. Shi ya kafa gorar, ya san wannan fiye da ni.

Na koma kan bulon.

Daga nan ana jin komai. Na bar rediyo a kunne a kan tabarma, ina jin mai karanta labarai kamar a kunnena yake. Na ji Hure ta ajiye buta. Na ji ta yi tsaki ta kori kaza. Tabarmar tana daidai bayana, a ɗaya gefen.

Duk tarin da na yi a makonnin nan, duk tsakin da na yi wa jar fitila.

Na zauna har sauro ya tashe ni.

Litinin, da safe

Khaulat ta ce saƙonninta ba sa isa gare shi. Ta tambayi abokansa biyu a Kano, ba su gan shi ba. Ta ce, "Baba, in an same shi me za a ce masa?" Na ce ta gaida mijinta.

Talata

Rautar ta sabunta kanta da asuba, ba tare da an tambaye ni ba. Ta turo saƙo cewa an inganta ta.

Alhamis, da hantsi

Na shiga rumbu na auno hatsi da kaina. Na sayo kaji a wurin maƙwabci. Na ce wa Hure gobe ta ɗora tukunyar mutum goma.

Ta dube ni. Ta san abin da ake ciyar da miskinai goma dominsa, duk wanda ya yi karatun allo ya sani. Kaffarar rantsuwa ce. Ba abin da Liman zai koya mini ba ne, na san shi tun kafin a haifi Liman.

Ta ce, "Yanzu?"

Na ce, "Ki sa man shanu."

Juma'a, bayan an sauko

Sun zo. Tsofaffi ne yawancinsu, da gurgun nan na bakin kasuwa, da wasu mata biyu da aka kai musu nasu ciki. Na shimfiɗa tabarmi a zaure, na zuba musu ruwan wanke hannu da kaina. Na bar ƙofar a buɗe har bango, duk mai wucewa ya gani, ya kai labari inda ya ga dama. Wataƙila wani direba. Wataƙila wani mai zuwa ci-rani.

Sun ci, sun yaba miyar. Da aka zo addu'a, wani tsoho makaho daga garin gaba, wanda bai san gidan ba, ya ɗaga hannu, sannan ya tsaya ya juyo inda ya ji muryata.

Ya ce, "Malam, a faɗa mana sunan mamacin, mu sa shi a ciki."

Na ji Hure a bayan labule ta ajiye abin da ke hannunta.

Na ce, "Ba mamaci ba ne."

"To wa za mu ce?"

Na ce, "Mika'ilu. Ku ce Mika'ilu ɗan Yahya."

Ya ce, "Yana ina, Allah ya kai masa?"

Na ce su yi addu'ar haka nan.